Hukuncin Tsohuwar Marsandi da ke Tashi a Giya ta Biyu

Wata ranar Asabar da hantsi, ina zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya a garejin da nake kai motata, ina jiran a gama ɗaure mini birki, sai ga wani matashi ya shigo da tsohuwar Marsandi irin wadda mutanenmu ke kira V-Boot, wadda ya ce gadonta ya yi daga mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, kuma tun bai gama gaisawa ba ya shiga kai ƙararta wurin babban bakanike kamar mai kai ƙarar malalacin bara gaban alƙali. Ya ce duk sa'ad da danja ta saki hanya, sai 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu su wuce su bar shi, ita kuwa tana jan jiki kamar amaryar da ake fitarwa daga ɗakin uwarta.

"Baba, motar nan ba ta da lafiya," in ji shi.

Tsohon ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau. Haka Bajamushe ya ƙera ta, a giya ta biyu take tashi."

"To, a mayar mini da ita ta riƙa tashi a ta ɗaya. Na ji ana yi."

"Ana yi mana. Amma ka san don me ya yi ta haka?"

Matashin ya yi shiru. Ni kuwa wannan tambaya ta tsohon ita ce ta bi ni har gida, domin na ga cewa, ko da yake mas'alar ƙarama ce a ido, ta ƙunshi wani abu da ya daɗe yana damuna game da yadda muke mu'amala da kayan da wasu suka ƙera a ƙasarsu don bukatarsu, sa'an nan suka faɗo hannunmu bayan sun tsufa. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja a nan, shi ne mayar da irin wannan mota ta riƙa tashi a giya ta ɗaya abu ne da ya halatta ga mai ita, har ma a wasu halaye yakan zama shi ne mafi alheri gare ta, amma bisa sharaɗin ya fara sanin hikimar da ta sa maƙerinta ya tsallake giyar, sa'an nan ya duba ko hikimar nan tana nan a inda yake tuƙi ko ta gushe.

Ya kamata a fara da bayanin yadda abin yake, domin hukunci a kan abu yana bayan saninsa ne. Giya a mota kamar takun ɗan dako take: idan ya ɗora buhu a kansa zai tashi, da gajeren taku yake farawa, sai ya miƙe ya sami hanya sa'an nan ya buɗe ƙafa. A giyabos mai giya huɗu da kamfanin Mercedes-Benz ya sa wa motocinsa tun wajen 1980 har tsakiyar shekarun 1990, wanda kanikawa suka sani da lamba 722.3, injin yakan juya sau 3.87 kafin farfela ta juya sau ɗaya idan ana giya ta ɗaya, a ta biyu kuwa sau 2.25 kawai, a samfurinsa na baya-baya ke nan. Mai lissafi zai ga cewa giya ta ɗaya tana kai wa taya ƙarfin da ya ɗara na ta biyu da kimanin kashi 70 cikin 100. To, yaya mota mai nauyin kusan tan ɗaya da rabi za ta tashi daga tsaye ba tare da wannan ƙarfin ba, alhali da motar kuloci ce aka yi wa haka da sai ta shaƙe ta mutu? Amsar tana cikin wani tulun ƙarfe da ke tsakanin injin da giyabos, wanda ake kira kwanbata, wanda asalinsa ƙirƙirar wani injiniya Bajamushe ce mai suna Hermann Föttinger, da ya yi rajistarta a 1905 don jiragen ruwa. Misalinsa kamar fanka biyu ne da suka fuskanci juna, ɗaya tana juyawa tana tura ɗayar, sai dai maimakon iska mai ne ke tsakaninsu. Kuma sa'ad da mota ke tsaye, kwanbata yana iya riɓanya ƙarfin injin kusan ninki biyu. Da wannan riɓanyawar maƙeran suka dogara har suka ga za su iya ajiye giya ta ɗaya gefe, sai ran da aka bukace ta.

Ba kowace Marsandi ta wancan zamani ce ke tashi a giya ta biyu ba, amma da yawa daga cikin masu shan fetur, musamman masu manyan injuna, haka suke, ko cikin manyan nan na W126 da aka ƙera daga 1979 zuwa 1991, ko cikin W124, wato V-Boot ɗinmu, da ta fito a 1984. Har motar Porsche 928, wadda ta ari wannan giyabos ɗin daga Mercedes, ta gaji wannan ɗabi'a. Dalilan da masana suka fi ambata uku ne. Na farko natsuwa: motocin nan an yi su ne don attajiri ko babban ma'aikaci ya zauna a baya yana karanta jarida, motar ta zame daga tsaye ba fizga ba girgiza, kuma idan tana tsaye a danja kada ta riƙa jan direba gaba yana danne ta da birki. Na biyu dusar ƙanƙara: a hunturun Jamus hanya takan yi santsi, kuma mota mai tura kanta da tayoyin baya, idan aka ba tayoyin ƙarfi da yawa farat ɗaya, sai su yi ta juyawa wuri guda, ko kuwa bayan motar ya goce gefe. Na uku tattalin mai: bayan tsadar fetur da ta girgiza ƙasashen Turai da Amurka a 1973, ta kuma maimaitu a 1979, da dokar da Amurka ta kafa a 1975 wadda ta ɗora tara a kan kamfanin da motocinsa suka cika shan mai, maƙeran motoci sun shiga neman kowace dabara da za ta hana injin yin gudu ba dalili. Duk wanda ya yi tadabburin waɗannan dalilai zai sallama cewa maƙeran Marsandi ba wauta suka yi ba, ijtihadi ne suka yi a kan halin ƙasarsu da zamaninsu da masu sayen kayansu.

A nan ne nake ganin ƙa'idar da malaman usulu suka koya mana tana da amfani ko a wajen fagenta, wato cewa hukuncin da aka gina a kan sababi yana tafiya ne tare da sababinsa, in ya samu ya samu, in ya gushe ya gushe. Motocin nan sun bar ƙasar da aka ƙera su, sun tsallaka teku, sun sauka a Kwatano da Legas, sun zo hannun mutanen da ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara a kan kwalta ba, kuma ba za su gani ba. Dalili na biyu ke nan ya faɗi gaba ɗaya. A madadinsa sai wani sababi ya taso wanda bai dami Bajamushe ba kamar yadda ya dame mu, shi ne zafi. Domin riɓanyawar da kwanbata ke yi ba kyauta ba ce: gwargwadon yadda fankar gaba ta fi ta baya gudu, gwargwadon yadda man da ke tsakaninsu yake dukan kansa yana ɗaukar zafi, kuma motar da ta tashi a giya ta biyu takan daɗe cikin wannan hali fiye da wadda ta tashi a ta ɗaya. Zafin nan kuwa ta lagireto ake fitar da shi, lagireton da shi kansa yana fama. Yanzu a ɗauki motar da ta kai shekara 30 ko ta haura, a cika ta da iyali da kaya har but ya ƙi rufuwa, a sa ta cikin cunkoson Kano ko na Yamai a watan Afrilu sa'ad da zafi ke haura digiri 40, tana tashi tana tsayawa sau ɗari kafin ta kai gida. Ko kuwa a tsayar da ita bayan tirela a Hawan Kibo kan hanyar Jos, a ce ta tashi. Babu abin da ke tsofar da man giya, ya busar da robobin da ke riƙe shi, kamar zafi. Saboda haka wanda ya ce tashi a giya ta ɗaya sauƙi ne ga irin wannan mota a irin wannan hali, maganarsa tana da tushe, kuma ba daidai ba ne a kore shi da cewa ai maƙerin ya fi shi sani, gama taƙalidi ba tare da sanin dalili ba shi ma aibi ne a wurin ma'abuta hankali.

Amma adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa motar da ke tashi a giya ta ɗaya ta ƙara wa kanta canji guda a kowane tashi, kuma a wannan giyabos canjin daga ɗaya zuwa biyu wani bel ne na ciki, wanda ake kira B1, yake damƙe ganga mai juyawa. Kowace damƙa tana cin kaɗan daga fatarsa, fatar da ta riga ta yi shekaru tana aiki. Suna cewa ƙarin ƙarfin nan na kashi 70 ba a iska yake tafiya ba, ta kan robar farfela yake bi, da robobin da injin ke zaune a kai, da aksul na baya, waɗanda duk sun bushe sun tsattsage saboda tsufa, ta yadda abin da suka jure shekara da shekaru cikin lallashi ba lalle su jure shi cikin fizga ba. Suna kuma cewa canjin farko a waɗannan motoci yakan zo da ɗan duka a baya, wanda ke kawar da natsuwar da ita ce ƙawar Marsandi tun asali, kuma fetur zai ɗan ƙaru a lokacin da kowa ya san abin da lita ta zama. Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da shi haramci na har abada a kan kowa, alhali gaskiyarsa awo ne tsakanin ɓarna biyu, zafin mai a hannu ɗaya da cin bel a ɗaya hannun, kuma wadda ta fi nauyi tana bambanta daga direba zuwa direba. Dattijon da ke fita daga gida zuwa masallaci da kasuwa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya shi kaɗai, barin motarsa yadda take shi ya fi. Mai ɗaukar kaya a gari mai tudu da cunkoso kuwa hukuncinsa daban.

Idan an tabbatar da bukata, to, hanyoyin suna da daraja-daraja, kuma hankali ya hukunta a fara da mafi sauƙin warwarewa. Ta farko ba gyara ba ce ma, sani ne kawai, domin maƙerin bai kulle giya ta ɗaya ya jefar da mabuɗin ba. Idan direba ya ja sandar giya zuwa lamba 2 yana tsaye, motar za ta tashi a giya ta ɗaya, in ta miƙe sai ya mayar da sandar D. Haka kuma idan ya take totur har ƙasa, akwai wani maɓalli ƙarƙashinsa da ke aika wuta zuwa wani ƙaramin bawul na lantarki a jikin giyabos, nan take ta faɗa giya ta ɗaya. Na sha mamakin yawan mutanen da suka yi shekaru da irin wannan mota ba su san haka ba, saboda littafin da ke zuwa da ita ya ɓace tun a tashar jirgin ruwa, ko kuwa da Jamusanci aka rubuta shi. Hanya ta biyu ita ce a haɗa wata 'yar na'ura da ke ba wannan bawul ɗin wuta da kanta duk sa'ad da mota ta tsaya, sa'an nan ta yanke wutar da zarar tayoyi sun fara gudu. Kyawunta shi ne ba a buɗe giyabos, kuma ran da aka gaji da ita waya biyu ko uku za a cire komai ya koma yadda yake. Hatsarinta kuwa shi ne idan mai wayarin bai san aikinsa ba ya bar wutar ba ta yankewa, giyabos zai ɗauka totur a ƙasa yake koyaushe, ya riƙe kowace giya har injin ya yi ta kururuwa. Hanya ta uku ita ce a sauke gidan bawuloli da ke ƙarƙashin giyabos, wanda shi ne ƙwaƙwalwarsa, a sauya sifirin ko bawul a ciki, ko a musanya shi da na wata motar da aka ƙera tana tashi a giya ta ɗaya. Wannan ita ce mafi tsabta idan gwani ya yi ta, kuma mafi muni idan ɗan koyo ya yi ta a kan tabarma cikin ƙurar hunturu, domin cikin gidan nan hanyoyin mai ne sirara kamar gidan tururuwa, da ƙananan ƙwallaye da kowanne ke da mazauninsa, ƙwayar yashi guda tana isa ta maƙale bawul. Nan ne ake zuwa gyaran gira a rasa ido, a wayi gari ana yawo kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ana cigiyar giyabos na Baljiyam.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya gabaci duk waɗannan, wanda na ga ana yawan tsallake shi, shi ne a tabbata cewa nauyin jikin motar daga giya yake. Marsandi mai lafiya, ko a giya ta biyu ta tashi, ba ta zama abin dariyar 'yan acaɓa ba. In ta zama haka, to, galibi filogi ne suka mutu, ko matatar iska ta toshe da ƙura, ko famfon mai ya raunana, ko salansa ta cushe, ko wayar da ke sanar da giyabos yadda aka taka totur ta saki, ko siririn tiyon iska da ke daidaita ƙarfin canji ya tsage. Wanda ya bar waɗannan ya tafi neman giya ta ɗaya kamar mutumin da zazzaɓi ya kama dokinsa ne, maimakon ya nemi magani sai ya sayo sabuwar bulala: dokin zai zabura na kwana biyu, sa'an nan ya kwanta. Haka nan kuma wanda man giyarsa ya koma baƙi yana warin ƙuna, alhali ja ya kamata ya kasance, ko motarsa tana jinkiri kafin ta shiga ribas, wannan ba shi da hurumin ƙara wa giyabos wani aiki sai ya fara yi masa jinya.

Wani abin da ke ƙarfafa mini gwiwa a kan wannan ra'ayi shi ne cewa kamfanin da kansa bai dawwama a kan matsayinsa na farko ba. Da ya fito da sabon giyabos mai giya biyar da kwamfuta ke sarrafawa a tsakiyar shekarun 1990, wanda ake kira 722.6, sai ya sa wani ɗan maɓalli kusa da sandar giya mai harafi biyu, S da W: a kan S mota ta tashi a giya ta ɗaya, a kan W, wanda aka yi don hunturu, ta tashi a ta biyu. Ma'ana, maƙerin ya mayar da zaɓin hannun direba, ya bar shi ya duba hanyar da ke gabansa ya yanke hukunci. Saboda haka mai tsohuwar mota da ya sa 'yar na'urar lantarki tare da maɓallin kashe ta bai zo da bidi'a ba, abin da ya yi bai wuce riskar da motarsa fatawar da masu ita suka bayar daga baya ba.

Sauran magana ita ce niyya, wadda babu bakaniken da zai iya gyara ta da sifana. Idan abin da ake nema shi ne a sauƙaƙa wa tsohuwar mota ɗawainiyar kaya da zafi da tudu, wannan kiyaye dukiya ne, kuma kiyaye dukiya yana cikin manufofin da shari'a ta zo da su. Idan kuwa abin nema shi ne a riga ɗan acaɓa barin danja, a sa taya ta yi ƙara a gaban majalisar samari, to, wannan almubazzaranci ne da abin da uba ya yi shekara ashirin yana lallaɓawa, kuma rayukan masu tsallaka titi amana ce a wuyan duk wanda ya riƙe sitiyari.

Shi dai tsohon bakaniken bai yi wa matashin dogon wa'azi irin nawa ba. Buɗe bonet ya yi, ya zaro filogi guda ya nuna masa bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ya zaro sandar man giya ya shinshina, ya ce man yana da sauran rai. Ya sa yaransa suka canza filogi shida da matatar iska, sa'an nan ya leƙa ta taga ya kama hannun matashin ya ɗora a kan sandar giya, ya ja ta zuwa lamba 2.

"Ka yi mako guda kana tashi da ita haka duk inda ka ga tudu ko ka ɗauki kaya," in ji shi. "In ka ga har yanzu hannunka ya gaji da jan sanda, ka dawo in sa maka na'urar, da maɓallinta. Cikin giyar kuwa ba zan buɗe ba, mahaifinka ma bai taɓa bari an buɗe ba."

Matashin ya ce, "Na gode, Baba," ya taka totur a hankali. Motar ta tashi da wani kuzari da ya sa shi kansa ya ɗan zabura, ta hau gangaren bakin garejin da dā sai ta yi nishi take hawa, kuma muna jin sa'ad da ta canza zuwa giya ta biyu a bakin kwalta.